Ryzen 5 5600X a hannun ɗan koyo: abin da na gani bayan wata bakwai ina ƙara masa gudu a Jos

A watan Nuwamban da ya wuce na sayi firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙirar AMD Ryzen 5 5600X, na hannu, a wani shagon kayan kwamfuta da ke kusa da titin Ahmadu Bello a nan Jos, kuma tun ranar da aka ɗaura shi nake da niyyar gwada abin da na daɗe ina ji a bakin matasa, wato ƙara wa firosesa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara masa. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na walima, aikin da kusan rabinsa zaman jira ne, domin bayan an gama yankawa da jerawa sai an bar kwamfuta ta fitar da bidiyon, mai aiki kuwa yana ta bugo waya yana tambayar ko an gama. Ban taɓa shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya buɗe, da nufin canza wani abu ba kafin wannan lokaci, saboda haka abin da zan faɗa a nan ra'ayin ɗan koyo ne wanda ya yi kuskure ya gyara, ga kuma hukuncin da na yanke a kan ko wannan firosesa ya dace da mai son fara koyon wannan aiki.

AMD ta fitar da 5600X a watan Nuwamban 2020 a kan dala 299. Yana da cibiyoyin aiki shida, kowace tana iya riƙe layin aiki biyu a lokaci guda, gudunsa na tushe gigahaz 3.7 ne, yana kuma iya ɗaga kansa zuwa 4.6 idan aiki ya buƙata kuma zafi ya ba shi dama. An rubuta masa wat 65, yana zama a mazaunin AM4, wanda kamfanin ya fara amfani da shi tun 2016, abin da ya sa madabod ɗinsa (babban faifan da ake ɗaura sassan kwamfuta a kai) da ram ɗinsa (ma'ajiyar wucin gadi) na DDR4 suka wadata a kasuwar kayan hannu. Ba shi da sashen hoto a cikinsa, don haka dole a haɗa shi da katin hoto na daban, in ba haka ba allo ba zai nuna komai ba. Wannan batu ya kamata mai saye ya sa shi a lissafin kuɗinsa tun farko.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi a kan takwarorinsa na Intel shi ne sauƙin shiga. A ɓangaren Intel, wanda yake son ƙara gudu sai ya sayi firosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, sannan ya haɗa shi da madabod mai harafin Z, kuma duka biyun sun fi tsada. A ɓangaren AMD kuwa, 5600X a buɗe yake zuwa, madabod mai matsakaicin kuɗi irin B450 ko B550 ya isa. Sai dai A320 da A520, waɗanda suka fi araha kuma ake yawan tura wa wanda bai sani ba, ba a yi su don ƙara wa firosesa gudu ba. Ni B550 na ɗauka.

Mai gyaran da ya haɗa mini ita, wani matashi mai natsuwa da kowa a layin yake kira Injiniya, ya yi wani abu da ya burge ni kafin in biya. Ya juya firosesan ya ɗaga shi sama wajen haske, ya riƙa karkata shi a hankali yana duban layukan ƙananan alluran da ke bayansa, domin a AM4 alluran a jikin firosesa suke, guda 1331, kuma idan ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga layin ya karye kamar shukar da aka taka. Da ya gamsu sai ya ce mini: "Malam, duk ranar da za ka cire fankar nan, ka kunna kwamfutar ta ɗan ɗumama tukuna, sannan ka murɗa ta hagu da dama a hankali. Idan ka fizge ta da sanyi, man da ke tsakani zai manne, ta fito da firosesan gaba ɗaya daga mazauninsa." Na ce masa, "Injiniya, ai niyyata ma in ƙara masa gudu." Ya yi murmushi ya ce in fara da sayen fanka mai kyau, in bar boltej inda yake sai na fahimci abin da nake yi. Ban ɗauki shawarar ba a lokacin.

Lissafin gudun firosesa ba shi da wuya. Akwai agogon tushe mai megahaz 100, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita, ta yadda idan lambar ta zama 46 an sami megahaz 4,600, wato gigahaz 4.6. Tsohuwar hanyar ƙara gudu ita ce a ɗaga wannan lamba da hannu, idan kwamfuta ta fara tangal-tangal a ƙara mata boltej, wato ƙarfin turin wuta, har ta tsaya da ƙafafunta. Matsalar ita ce wutar da firosesa yake ci ba ta tashi daidai da boltej, tana tashi ne da ninkin boltej a kan kansa, saboda haka ɗagawa daga bolt 1.2 zuwa 1.3, wadda a ido ba ta kai ta kawo ba, tana ƙara cin wuta da kusan kashi 17 cikin ɗari tun kafin a lissafa ƙarin gudun, kuma duk wannan wuta zafi take komawa. A da ribar tana da yawa. Celeron 300A na Intel da ya fito a 1998 ya yi suna ne saboda ana ɗaga shi daga megahaz 300 zuwa 450 ta hanyar canza agogon tushe daga 66 zuwa 100, ƙarin rabi cif. Wanda ya zo wa 5600X da irin wannan tsammani zai sha mamaki, domin firosesan zamani da kansa yake auna zafinsa da wutar da yake ci sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, ya ɗaga gudunsa har kusa da iyakar da zai iya, abin da ya rage wa mai ƙari kaɗan ne.

Na fara da tsohuwar hanyar duk da haka, saboda ita na fi gani ana yi. Na kafe cibiyoyin shida a kan gudu ɗaya da boltej ɗaya, na kunna manhajar gwajin ƙarfi ta Cinebench R23 ina kallon HWiNFO64, mai nuna zafi da wuta, a gefe, da fankar Wraith Stealth da take zuwa a kwalin firosesan. Ba a ɗauki lokaci ba zafi ya haura digiri 90, ya doshi 95 da kamfani ya sa a matsayin iyaka, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama, sai na katse gwajin. Ba laifin fankar ba ne, an yi ta ne don gudun da aka tsara, kuma a wannan matsayi tana aikinta. Abin da na fahimta daga baya shi ne cewa kafe boltej da hannu yana cire wa firosesa dabarar da yake kare kansa da ita. A yadda ya zo daga kamfani za ka iya ganin boltej ya leƙa sama da 1.4 na ɗan lokaci idan aikin mara nauyi ne, sannan ya sauka da kansa idan aiki ya yi nauyi, amma idan ka kafe shi a sama to haka zai zauna ko da cibiyoyin shida suna ɗauke da kaya, kuma irin wannan zama ne yake cin lafiyar firosesa a hankali. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Na mayar da komai yadda yake, na koma shagon na sayi fanka mai tsayi, irin mai bututun tagulla da farfela mai milimita 120, wadda tun farko aka ce in saya.

Canjin da ya fi ba ni riba bai ma shafi gudun firosesan kai tsaye ba. Ram ɗina an rubuta masa gudun 3200, amma da na duba a manhajar CPU-Z sai na tarar a kan 2133 yake tafiya, domin haka yawancin DDR4 yake tashi idan ba a kunna masa tsarin XMP a BIOS ba, wato saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, wanda a madabod ɗin Asus ake kira DOCP. Dannawa ɗaya ce. Ryzen yana jin gudun ram sosai saboda hanyar da sassansa suke magana da juna, wadda AMD ta sa wa suna Infinity Fabric, tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da agogon ram. Ina da yaƙinin cewa akwai kwamfutoci da dama a shagunan buga takardu da ɗakunan haɗa bidiyo na garin nan da suke tafiya a haka, an biya kuɗin ram mai gudu ana amfani da kashi biyu cikin ukunsa.

Daga nan na koma ga hanyar da ta dace da wannan firosesa, wato Precision Boost Overdrive tare da Curve Optimizer. Na farkon yana sassauta iyakokin wutar da aka sa wa firosesa, yana kuma ba da damar ɗaga ƙololuwar gudu da abin da bai wuce megahaz 200 ba. Na biyun shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin aikinsa akasin abin da na zata ne: maimakon a ƙara boltej, rage shi ake yi. Ana ba kowace cibiya lamba daga sifili zuwa 30 a ɓangaren ragi, kowane mataki yana daidai da milibolt uku zuwa biyar, ma'ana ana gaya wa cibiyar ta yi gudun da ta saba da wutar da ba ta kai ta da ba. Da zarar wuta ta ragu zafi ya ragu, da zarar zafi ya ragu kuma firosesan da kansa yake ganin fili ya ƙara gudu. Ana iya yin wannan a BIOS, ana kuma iya yi daga cikin Windows da manhajar Ryzen Master, wadda ta fi sauƙi ga ɗan koyo saboda tana nuna zafi da wuta a fili, tana kuma sa alamar tauraro a kan cibiyar da ta fi kyau. Ni da ita na yi gwaje-gwaje, da na tsayar da lambobi sai na shigar da su a BIOS don su zauna.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi koya mini darasi. Na sa ragin 30 a kan cibiyoyin shida gaba ɗaya, na gudanar da Cinebench na minti talatin ta wuce lafiya, na fitar da bidiyon wani biki na awa biyu shi ma ya fita lafiya, na ɗauka kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kwana biyu bayan haka na tafi sallar La'asar na bar kwamfutar a kunne ba ta yin komai, na dawo na tarar ta kashe kanta ta sake tashi. Washegari ta sake yi ina tsakiyar buɗe wani hoto. Abin ya ɗaure mini kai, domin a tunanina aiki mai nauyi ne yake kayar da kwamfuta. Ashe da Curve Optimizer abin juyawa yake yi: idan cibiyoyin duka suna aiki gudunsu yana sauka kaɗan, ragin bai dame su ba, amma idan cibiya ɗaya ta zabura daga hutu zuwa ƙololuwar gudu don wani ƙaramin aiki, a nan take neman wutar da aka hana ta sai ta faɗi. Windows yana rubuta irin wannan faɗuwa a kundin abubuwan da suka faru, da sunan WHEA, har da lambar da take nuna cibiyar da ta gaza. Da na bi diddigi sai na ga ita ce mai tauraron, kuma akwai dalili, tun daga kamfani ita aka fi matsa wa, ba ta da rarar da za a rage mata kamar sauran. Na sassauta mata, na sassauta wa mai bi mata, sannan na yi amfani da manhajar gwaji ta OCCT da wata ƙaramar manhaja mai suna CoreCycler, wadda take gwada cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya, na bar ta ta kwana tana yi har dare uku.

Ban kawo lambobin da na tsaya a kansu ba da gangan, domin ba za su amfani kowa ba. Firosesa biyu masu lamba ɗaya da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa jure ragi iri ɗaya, rabo ne, kowa da abin da ya faɗo masa. Ƙanina da yake taimaka mini a shago ya kwafi lambobina ya sa a tasa kwamfutar mai irin wannan firosesa, ba ta ma kai ga buɗe Windows ba, sai da muka cire mata ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, muka jira minti kaɗan muka mayar, BIOS ya koma yadda ya zo. Duk mai shirin wannan aiki ya san inda batirin nan yake a madabod ɗinsa kafin ya taɓa komai.

Abin da ba na gani ana faɗa a bayanan da ake samu a intanet, saboda yawancin masu yin su a ƙasashen sanyi ko ɗakuna masu na'urar sanyaya iska suke, shi ne tasirin yanayin gari. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma duk gwajin farko a Disamba da Janairu na yi shi, lokacin da sanyin dare yake sa mutum ya nemi rigar sanyi da safa a cikin ɗaki. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, don haka duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya bayyana a jikin firosesa. Da Maris ya shigo rana ta buɗe, sai na ga zafin ya ƙaru sosai a kan abin da na saba gani, gudun da nake samu lokacin fitar da bidiyo ya ragu. Da na buɗe akwatin kuma na tarar ƙurar hunturu ta yi wa haƙarƙarin fankar lulluɓi, ja-ja-ja kamar an barbaɗa garin bulo, har tsakanin farantan ƙarfen ya toshe. Bayan na hure ta zafin ya sauka, amma bai koma na Janairu ba sai da damina ta sauka. Wanda yake Abuja, inda zafin bazara ya fi namu nesa ba kusa ba, ya kamata ya yi gwajinsa a Maris ko Afrilu da tsakar rana, abin da ya tsaya a lokacin shi ne zai tsaya duk shekara. A nan Precision Boost Overdrive ya nuna fifikonsa a kan kafewa da hannu, domin da zafi ya ƙaru ja da baya kawai ya yi bai faɗi ba. Na kuma sa masa iyakar zafi ta digiri 85 a BIOS don hankalina ya kwanta.

Sai batun wuta, wanda kowa ya san halinta. Gwajin da ake barin sa ya kwana ba ya yiwuwa sai da inbata ko UPS mai ƙarfi, kuma idan wuta tana rawa ba za ka iya bambance faɗuwar da ragin boltej ya jawo da wadda layin waje ya jawo ba. Mafi haɗari shi ne sabunta BIOS, wanda madabod B450 da yawa suke buƙata kafin su gane 5600X, kuma Curve Optimizer ma sai da sabon BIOS yake bayyana. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aiki madabod na iya mutuwa, sai dai in yana da maɓallin nan na baya da ake sake ɗora BIOS da filashi. Ni a shagon Injiniya aka yi mini, a kan inbata. Haka kuma akwatin wutar kwamfuta mara suna, irin wanda ake bayarwa kyauta tare da akwati, bai dace da wannan aiki ba sam.

Idan aka zo ga riba, ba zan yi ƙari ba. Ko da an sami megahaz 200 ɗin gaba ɗaya, abin bai wuce kashi huɗu da ɗoriya cikin ɗari ba, wato aikin awa guda ya ragu da minti biyu da rabi ko makamancin haka. A wasanni ma ba lallai ido ya ga bambanci ba, tunda katin hoto ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin. Abin da na fi ji a jikina shi ne kwamfutar ta rage ƙara, ta rage zafi, tana riƙe gudunta har ƙarshen dogon aiki, sannan gyaran ram ya sa jan bidiyo gaba da baya a lokacin yanka ya yi santsi. AMD ta bayyana cewa amfani da Precision Boost Overdrive yana fitar da firosesa daga garanti, wanda ga mai sayen na hannu irina ba wani abin damuwa ba ne tunda garantin shago na 'yan kwanaki ne, amma mai sayen sabo dal ya sani.

A matsayin firosesan koyo, na ba 5600X maki mai kyau, saboda kayan haɗinsa suna da sauƙin samu, kuskuren da aka fi yi a kansa ta hanyar Curve Optimizer ba ya wuce kwamfuta ta kashe kanta ko ta ƙi buɗewa sai an cire batiri, kuma yana tilasta wa mutum ya koyi karanta zafi da wuta maimakon kwafar lambobin wani. A matsayin hanyar samun gudu kyauta kuwa, makinsa matsakaici ne. Da yau zan sake saye, da na duba ƙaninsa Ryzen 5 5600, wanda ya fito a Afrilun 2022 a kan dala 199 da ƙololuwar gudu ta gigahaz 4.4, domin da ƙarin megahaz 200 ɗin nan yana kamo wansa, rarar kuɗin kuma in zuba ta a fanka da UPS. Wanda kuma yake haɗa sabuwar kwamfuta daga tushe yana da halin kashewa, ya tuna cewa AMD ta koma mazaunin AM5 da ram DDR5 tun 2022, hanyar AM4 ta kusa ƙarewa. Tawa dai tana nan a kan lambobin da na tsayar a Afrilu, na rubuta su a takarda na manna a cikin murfin akwatin, kuma ban yi niyyar sake taɓa su ba sai hunturu ya dawo, lokacin da zan buɗe ta don hure ƙura.